Yadda Ake Ɓoye Sunayen Littattafai Masu Tsarki a Cikin Zance

Karanta wannan jimla: "Kifi ba zai rayu ba sai a ruwa." Babu abin da ya yi kama da wa'azi a cikinta, amma Ayuba na nan zaune. Cire tazarar da ke tsakanin "rayu" da "ba", ka jefar da harafin farko, za ka gan shi. Wasan ke nan gaba ɗayansa: mutum ɗaya ya rubuta ɗan labari, ya cusa sunayen littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki a gaɓoɓin kalmomi, sauran kuma su zauna su tono su. Ya dace da makarantar Lahadi, da taron matasa, da zumuntar mata, da dandalin WhatsApp na iyali. Nemowa ba ta da wuya sosai. Shiryawa ce aikin, kuma a nan yawancin wasannin suke lalacewa.

Kafin a rubuta komai, a tsayar da fassarar da za a bi. Littattafan 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, amma sunayensu a Hausa ba iri ɗaya ba ne a hannun kowa. Tsohuwar fassarar 1932 tana cewa Matta, Yohanna, Misalai, Kubawar Shari'a. Wadda ta biyo bayanta tana cewa Matiyu, Yahaya, Karin Magana, Maimaitawar Shari'a. Idan mai shiryawa ya ɓoye Yahaya, dattijuwar da ta tashi da Yohanna za ta yi ta nema har ta gaji, kuma ba laifinta ba ne. Saboda haka a rubuta a saman takarda wace fassara ce. Ga yara, a ba su jerin sunayen ma baki ɗaya. Littattafan da suke da na fari da na biyu, irin su Sarakuna da Tarihi, suna ɗaya ake ƙirgawa.

Daga nan sai a ɗauki suna a tsaga shi gida biyu, a nemi kalmar da ta ƙare da rabin farko da wata da ta fara da rabi na biyu. Hausa ta yi mana gata a nan, domin yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, sunayen kuma haka gaɓoɓinsu suke. Luka: "Wane tulu ka fasa?" Mika: "Ilimi kake nema." Rut: "Ya tsallake garu tun da dare." Ishaya: "A'isha yarinya ce." Zakariya ya fi su daɗi, domin ya ratsa kalmomi uku: "duk abin da za ka riya a ranka." Wanda ya saba haɗe "za ka" wuri guda a rubutu ya rage wa wasan kyau, ga shi kuma ya karya ƙa'idar rubutu.

Akwai sunayen da su kansu kalmomin yau da kullum ne: Farawa, Fitowa, Makoki, Sarakuna, Tarihi. Malalacin mai shiryawa sai ya rubuta "sarakuna sun taru" ya ce ya ɓoye. Bai ɓoye komai ba, ya dai cire babban harafi ne. A tsaga su kamar sauran: "ta fara waƙa", "yana ta tari, hira ta watse". Wanda ya fi burge ni shi ne na Sarakuna, da ya faɗa cikin karin magana: "kuna sara kuna duban bakin gatari." Mai karatu ya san maganar tun yana yaro, idonsa zai wuce ta a guje, bai ko tsaya ba. Zabura kaɗai nake yarda a bari a fili, a matsayin "ya zabura", domin tsaga ta yana jefa mutum cikin kalmar da ba a faɗa gaban manya. Wannan ma darasi ne ga sauran: duk jimlar da aka gina, a karanta ta da ƙarfi a ji ko gutsuren da ya rage bai zama abin kunya ba.

Rigimar da ta fi yawa a kan haruffa masu lanƙwasa take. "Ya kuɓuta" ba Yakubu ba ne, domin ɓ ba b ba ce. "Miƙa" ba Mika ba ne. "Ƙi ɗaya" ba Ƙidaya ba ce. Matsalar ita ce wayoyi da yawa ba a sa musu allon rubutun Hausa ba, sai mutum ya rubuta "ya kubuta", wani ya ƙirga shi, wani ya ƙi, gardama ta tashi. A shawarata a tsaya kan rubutu na daidai, a nemi hanyar da ba ta da shakka. Yakubu na samuwa a "ga miya, ku buɗe kwano", Ƙidaya kuma a "ya yarda da safe, ya ƙi da yamma." Alamomin rubutu, wato waƙafi da aya, ba sa hana suna ratsawa, amma a faɗa wa mutane haka tun farko.

Wasu sunayen sai an sha wuya. Esta na bukatar kalmar da ta ƙare da "es", kuma da ƙyar za ka samu wata bayan "fes". Titus na fitowa a "bashi a kanti tushen karyewa ne." Ezra da Bitrus kuwa, baƙaƙe biyu ne a jere da Hausa ba ta cika haɗawa haka ba, gara a bar su da a ƙirƙiro kalmar da babu ita. Ba dole ne a cusa duka 66 ba.

Ga ɗan gwaji, sunaye bakwai ne a ciki:

"Nafisa wanki take yi lokacin da baƙi suka iso. Ta fito waje ta ce, 'Malam Umar, ku shigo.' Ta kaɗe tabarma fes ta shimfiɗa, ta aiki yaro ya samo shayi. Da za su tafi, babbar cikinsu ta ce mata, 'Bayan mako ki leƙo mu, ko don ki ga shukar da kika ce ba za ta rayu ba.'"

A jere su ne Afisawa, Fitowa, Markus, Esta, Amos, Makoki, Ayuba. Lura da cewa labarin baƙunci ne kawai, babu maganar ibada. Da gangan ne. Idan labarin ya yi kama da wa'azi, hankalin mai karatu na tashi ya fara farauta tun daga layin farko. Kuma kada a jera sunayen bisa tsarinsu na Littafi, in ba haka ba wanda ya haddace jerin zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunayen mutane irin su Nafisa da Umar suna sauƙaƙa aiki, amma in sun wuce uku a sakin layi ɗaya sun zama alama, kowa zai fara duba wutsiyarsu.

Ga manya, sunaye 12 zuwa 15 a cikin kalmomi kamar 150 sun isa zaman minti 20. Ga yara, biyar ko shida, gajeru. Bayan an gama rubutu, a kwafe shi a kwamfuta, a cire duk tazara da alamomi ya zama dogon layi ɗaya, sannan a bincika kowane suna daga cikin jerin, har waɗanda ba a yi niyyar sawa ba. Rut da Luka da Mika gajeru ne, suna iya shiga da kansu. Ka ce goma sha biyu ne, wani ya samo sha uku, an rasa wanda ya ci.

Masu makarantun Islamiyya za su iya yin irin wannan da sunayen annabawa ko na surori 114, ƙa'idojin duk ɗaya ne.

A dandalin WhatsApp, kada a bari a riƙa tura amsa a fili, domin mutum na farko zai kashe wa kowa wasa. Kowa ya faɗi adadin da ya samu kawai, ya tura jerin ga mai shiryawa shi kaɗai, a sa lokacin buɗe amsa, misali bayan sujadar Lahadi. Wanda ya ci, shi ne zai shirya na mako mai zuwa.