Aikin Rina a Gidajen Bauchi

Sana'ata feshin ƙwari ce. Ina da ɗan shago a wajen Wunti, da yara uku da muke fita aiki tare. Yawancin kiran da ake yi mana na kyankyaso ne da kuɗin cizo da gara, amma aikin rina ba na tura yaro shi kaɗai, domin ganganci kaɗan a nan sai a kwana a asibiti.

Kafin in ɗauki injin feshi sai na yi tambaya: "Hajiya, gidan nata na laka ne, ko kamar takarda yake yana rataye?" In aka ce na laka ne manne da bango, to zanzaro ne. Shi kaɗai yake harkarsa, yana tara wa 'ya'yansa tsutsa da gizo-gizo a ciki, kuma da wuya ya harbi mutum. Nakan ce a kankare shi a share wurin, ba sai an biya ni ba. In kuwa zuma ce ta sauka a bishiya, ko nawa za a ba ni ba na fesa mata magani. Akwai masu kiwonta da nake kira su zo su kwashe.

Rina ita ce tamu. Busasshen itace take taunawa, ta haɗa da yawunta, ta gina saƙar nan mai ramuka a ƙarƙashin kwano, ko bayan taga, ko cikin akwatin mita, ko a reshen mangwaro. Kudan zuma in ya yi harbi ƙarinsa kan maƙale a fata, shi kuma ya mutu. Na rina ba ya maƙalewa, sai ta yi ta ƙarawa, kuma da an girgiza gidan duk suke tasowa.

Shi ya sa ba ma zuwa da rana tsaka, ko da maigida ya matsa. A lokacin rabinsu suna waje neman abinci, za su dawo su tarar da yaran gida. Bayan magariba muke zuwa, ko kuma da asuba, lokacin sun taru sun lafa. Mu sa riga mai kauri, da safar hannu, da hular raga, da takunkumi, mu ɗaure bakin wando. Tocila a gefe muke ajiye ta, nesa da mai feshi, saboda haske suke bi. Maganin irin su saifametirin ne, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba, ba a ƙara ko murfi ɗaya. Washegari mu dawo mu cire gidan, mu toshe kafar da suka bi.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne masu ɗaura tsumma a sanda, su jiƙa da fetur, su cinna wuta a ƙarƙashin rufi. Silin da katako da wayoyin lantarki duk suna nan, ga zafin watan Maris ya busar da komai. Haka masu watsa Sniper a ɗakin kwana. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni barkatai, maganin gona ne, bai dace da inda jariri ke numfashi ba.

Wanda aka harba ya wanke wurin da sabulu, ya ɗora ƙanƙara. Amma in leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, kada a tsaya shafe-shafe, a garzaya Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wanda ya fi kusa.

Kafin in bar gida nakan zagaya da maigidan in nuna masa mangwaron da ya faɗo ya ruɓe, da kwandon shara a buɗe, da famfon da ke ɗiga. Nakan ce masa, "Alhaji, a gyara waɗannan, kuma a riƙa leƙa ƙarƙashin kwano duk mako. Da an ga sabon gida, tun bai kai girman goro ba, a kira ni."