Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Tausa da Atisayen Bayana

Makon jiya mun tsaya a inda likita ya ja layuka biyu a kan hoton ƙashin bayana da ya karkace gefe, ya auna kusurwar da suka haɗu ya ce digiri 27. Wannan awo ana kiransa Cobb, da sunan likitan ƙashi ɗan Amurka da ya bayyana shi a 1948, kuma sai karkacewa ta kai digiri 10 ake ɗaukarta a matsayin ciwo. Shekarata 13 a lokacin. Da ya duba ƙashin ƙuguna a hoton, ya ce da sauran girma a jikina, kuma a lokacin girman ne irin wannan baya ke ƙara lanƙwashewa, musamman ga 'yan mata. Sai ya rubuta min rigar roba mai tauri da ke matse jiki, ya kuma tura mu sashen gashin ƙashi.

Umma ta je can da tabbacin cewa tausa za ta gyara komai. Tun kafin mu zauna ta ce wa likitar fisiyon, wato mai gashin ƙashin, "Likita, ki murza min bayan nan da kyau har ya miƙe." Matar ta yi murmushi ta ce, "Mama, tausa tsoka take sassautawa, ba ta miƙar da ƙashi. Zan yi mata don ta samu sauƙin ciwon, amma babban aikin ita za ta yi shi da kanta." Umma ta yi shiru, fuskarta ba ta gamsu ba. Ta kuma kawo zancen jakar makarantar da nake ratayawa a kafaɗa ɗaya, likitar ta ce jaka mai nauyi tana sa ciwon baya amma ba ita ke karkatar da ƙashi ba. Na ji daɗin wannan magana, don an daɗe ana ɗora min laifin jakar nan.

Tausar kam tana da daɗi. Nakan kwanta rub da ciki, ta bi gefen dama inda haƙarƙarina ya ɗan tasa, ta sa gindin tafin hannunta ta danna tsokar da ta ƙanƙame kusa da allon kafaɗa, ta riƙe har sai ta saki. Daren da aka yi min ita barci nake yi kamar ba ni ba. Amma washegari in na sunkuya Umma ta leƙa ta bayana, tudun nan yana nan yadda yake.

Atisayen ne ya ba ni wuya. Ana kiransa tsarin Schroth, sunan wata Bajamushiya, Katharina Schroth, wadda ita ma ta yi fama da karkacewar baya tun tana yarinya, ta buɗe wurin koyar da shi a garin Meissen a 1921. Tunaninta shi ne: balan-balan da ta loɓa a gefe ɗaya, in aka hura mata iska sai loɓawar ta ciko, to haka ƙirji ma zai iya yi da numfashi. Likitar ta tsayar da ni gaban dogon madubi, ta daidaita ƙuguna da hannuwanta, ta ce in miƙe tsayi kamar ana jan tsakiyar kaina sama. Sannan ta ɗora tafinta a gefen hagu na bayana, wurin da ya shige ciki, ta ce, "Shaƙi iska ki ture hannuna." Na shaƙa, iskar ta tafi dama inda ta saba zuwa. "Sake." Na sake. Sai da na fara gumi kafin na ji wurin ya ɗan motsa a ƙarƙashin hannunta. In za a fitar da iskar kuma, a hankali ake yi ta tsakanin haƙora, ciki a ɗaure, jiki bai koma yadda yake ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, tsayuwar da madubi ke nuna min a miƙe take, ni a jikina ji nake na karkace. Jikina ya riga ya saba da karkacewar har ya ɗauke ta daidai.

Da na fara iyawa, sai na tambaye ta ko atisayen zai sa a ɗauke min rigar roba, don na tsani zafinta da yadda take gurje min kwankwaso. Ta ce a'a kai tsaye. Ta ba mu labarin wani babban bincike da aka buga a 2013 a Amurka: cikin yaran da suka sa rigar, kashi 72 cikin 100 ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai kuwa kashi 48 ne, kuma gwargwadon awannin da yaro ya yi da ita a jiki gwargwadon amfaninta. A ganina, duk mai yi wa iyaye alkawarin miƙe bayan ɗansu da tausa kaɗai yana cinye musu lokacin da rigar za ta yi aiki ne, tunda da zarar ƙashi ya gama girma damar ta wuce.

Haka na ci gaba, madubi a gida kullum, tausa duk lokacin da tsokar ta ɗaure, riga dare da rana. Bayan wasu watanni likita ya ce a sake ɗaukar hoto. Abin da awon ya nuna, da rigimar da ta biyo baya tsakanin Umma da Abba kan batun tiyata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.