Na haɗa OpenCV da hannuna a Ubuntu

Jiya a shago nan Ƙofar Ƙaura na zauna haɗa OpenCV, wato laburaren sarrafa hotuna da bidiyo a firogiram, daga sos kod, saboda wanda apt (manhajar saka firogiram a Ubuntu) ke bayarwa ya tsufa. Na saka kayan haɗa kod, wato build-essential da cmake, cmake ya wuce lafiya lau, ina buga make -j4 (umarnin haɗa kod ɗin da ayyuka huɗu a lokaci ɗaya) wallahi laftof ɗin nan mai ram 4GB ta sandare ƙam, ga zafin Katsina fankarta sai kuka take, ashe kowane aiki cikin huɗun nan ram yake ci sosai. Na dawo -j2, a hankali ta gama wajen la'asar, na ji daɗi ba kaɗan ba.

Bayan sudo make install, wanda ke saka abin da kuka haɗa, ku buga sudo ldconfig dan Allah don Ubuntu ya sabunta jerin laburarensa, in ba haka ba firogiram ɗinku ba zai ga laburaren a /usr/local/lib ba.