Tsohon Maɗaci a Sabuwar Majami'a

Da aka ba shagonmu aikin rufi da bencuna na wata majami'ar Katolika da za a sake ginawa a ƙasar Shendam ta Jihar Filato, abin da na fara roƙon Fada, wato limamin majami'ar, shi ne kada kowa ya taɓa tsofaffin katakan rufin sai na iso. A wannan yanki ne limaman SMA, wata ƙungiyar Katolika mai wa'azi a Afirka, suka kafa mishan a 1907, kuma salon ginin da aka gada daga gare su ba ya ɓuya: katanga mai kauri, dogayen tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, da rufi mai tudu wanda bakinsa ya zarce bango sosai don kada ruwan damina ya ci gindin ginin.

Gara ta gama da yawancin katakan, amma ginshiƙan maɗaci huɗu sun tsira, kuma da na goge ɗaya sai jan nan nasa ya fito kamar jiya aka yanko shi. Da su muka ƙera sabon bagadi, wato teburin da Fada ke jagorantar ibada a kansa. A jikin tsohon bangon gabas har mun ga shatin inda bagadin farko yake manne, tun zamanin da Fada ke juya wa jama'a baya, kafin Taron Batikan na Biyu, babban taron shugabannin Katolika na 1962 zuwa 1965, wanda bayansa aka matso da bagadi gaba.

Bencunan ne suka sa na yi faɗa da masu katako, kamar kullum. Sau biyu ina mayar da lodi, domin ɗanyen malaina aka shafa wa kala aka ce mini maɗaci ne. Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, yakan ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa ya kasa kunne, ya ce busasshe yana amsawa, ɗanye kuwa shiru yake yi. Ban taɓa samun awon da ya fi wannan ba. Masu araha za su haɗa benci da ƙusa da gam, su lulluɓe shi da fenti, damina biyu ya fara rawa. Mu kuwa hudawa muke yi mu cusa katako cikin ɗan'uwansa, musamman wurin durƙuso, inda nauyi ke sauka.

Ranar da muka kai bagadin, wani tsohon katikis, wato mai koyar da addini a majami'ar, ya shafa gefensa, ya nuna mini ramin tsohuwar ƙusa da na bari da gangan, ya tambaya ko mantuwa na yi.