Da keke har Kure

Asubahin Lahadi na hau keke daga Yamai na nufi Kure, hanyar Doso, wajen kilomita 60. A mota sai ka ce hanyar shimfiɗe take, amma a keke kowane tudu sai ya karɓi harajinsa a cinya. Wani hawan har sauka na yi ina turawa, yara na yi mini dariya. Manyan motoci kuwa iskarsu kaɗai ta isa ta jefa ka gefen kwalta.

Daf da Kure na hango raƙuman dawa uku suna cin ganyen bishiya, irin da suka rage a Afirka ta Yamma. Na manta gajiya.

Dawowa dai, keken a saman mota ya dawo.