Gawut da abincin alkalin: fitsari yake gyarawa, ba jini ba

Duk wanda ya taɓa farkawa tsakar dare ya iske babban ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi ja, yana raɗaɗi har ko mayafi ba ya so ya taɓa shi, to ya san gawut. Jama'a kan kira shi sanyin ƙashi, alhali asalinsa daban ne. Wani sinadari ne, yurik asid, yake taruwa a jini. Idan ya haura kimanin 6.8 mg/dL a gwajin jini sai ya fara daskarewa a cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Burin likita shi ne ya sauko ƙasa da 6.

Ana ta tallan abincin alkalin, wato yawaita ganye da kayan marmari tare da rage nama, wai yana kashe tsamin jini. Ba haka ba ne. Ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da ke sauka idan tsami ya ƙaru, na jini yana tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda suna tsare da shi ko me ka ci. Fitsari ne abinci yake sauyawa, kuma a nan amfanin yake, domin kusan kashi biyu cikin uku na yurik asid ta ƙoda yake fita. Fitsarin da pH ɗinsa ya gaza 5.5 ba ya narkar da shi, har yakan zama tsakuwar ƙoda. Idan pH ɗin ya kai 6 zuwa 6.5 sai sinadarin ya narke ya wuce.

A aikace, rabin kwanonka ya zama ganye da kayan lambu: zogale, alayyafo, kabewa, kuɓewa, tumatir, dankali. Ka ƙara da ayaba, kankana ko lemun zaƙi. Lemun tsami yana da tsami a baki, amma bayan jiki ya sarrafa shi rage tsamin fitsari yake yi, don haka matsa rabinsa a kofin ruwa. Kada a hana ka wake. Yana ɗauke da furin, wato abin da jiki ke mayarwa yurik asid, amma furin na tsirrai ba ya tayar da ciwon kamar na nama. Nonon da aka kaɗe aka cire mansa kuwa yana taimaka wa ƙoda fitar da sinadarin. Ka sha kofi ɗaya ko biyu na nonon a rana, ba sukari.

Babban abokin gaba shi ne kayan ciki, musamman hanta da ƙoda. Tsokar nama kada ta wuce faɗin tafin hannu a rana. Romo ma abin lura ne, domin furin yana narkewa a ruwan dahuwa: wanda ya bar naman farfesu ya shanye romon bai tsira ba. Sai kifin gwangwani, giya, lemun kwalba, da zoɓon da aka cika wa sukari. Kwanakin Babbar Sallah su ne na taka-tsantsan.

Ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, sai dai ga mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade masa. Mai azumi ya rarraba shi tsakanin buɗa-baki da sahur.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jiƙa kanwa su sha don wai ta kashe tsami. Don Allah a daina. Kanwa cike take da sodiyam, tana ɗaga hawan jini, tana kumbura ƙafa, kuma babu mai iya auna ƙarfinta a gida. Idan pH na fitsari ya zarce 7, wata irin tsakuwar ce kuma za ta fara tsirowa.

Abinci kaɗai yakan rage yurik asid da kimanin 1 mg/dL ne. Mai gawut da nasa ya haura 9, ko ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko ƙullutu suka fito masa a gaɓɓai, yana bukatar maganin rage yurik asid irin allopurinol. Akan fara da 100 mg, a riƙa ƙarawa bayan gwajin jini. A watannin farko ciwon kan motsa, saboda allurorin da suka taru suna narkewa, sai mutane su watsar da maganin suna zaton shi ya jawo. Ba a dainawa, likita yakan haɗa da colchicine, maganin hana ciwon tashi, na wani lokaci. Mai shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari ya faɗa wa likitansa, domin irinsu hydrochlorothiazide suna ɗaga yurik asid, kuma akwai waɗanda za a iya musanya su da su.