Yadda ake hanzarta gyaran kuskure a ma'adanar bayanai

Duk wanda ya sayi katin memori ko filashi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke nan Kaduna, ya haɗa da wani ɗan injin lissafi da ke ɓoye a ciki, wanda aikinsa shi ne gyara kurakuran bayanai kafin su bayyana a waya ko kwamfuta. Ƙwayoyin ajiya suna riƙe bayani ne da cajin lantarki, cajin kuma yana tsiyayewa sannu a hankali, musamman a zafi irin namu na watan Afrilu, wannan ne kuma ke jawo kurakurai a bayanan. Lamarin ya ƙara tsanani da aka fara cusa bit 4 (bit shi ne mafi ƙanƙantar bayani, 0 ko 1) a ƙwaya guda, domin dole a bambance matakan caji 16.

Tsarin da Richard Hamming ya wallafa a 1950 kuskure ɗaya kawai yake gyarawa a kowane rukunin bit, ma'adanan kwamfuta na SSD na yau kuwa sun dogara ne ga wani tsarin gyaran kuskure mai suna LDPC, wanda Robert Gallager ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960. Sai dai LDPC yana maimaita lissafi zagaye bayan zagaye, kowane zagaye kuma yana cin lokaci da wuta.

Injiniyoyi suna rage wannan nauyi ta hanyar tsayar da lissafin da zarar duk gwaje-gwajen da tsarin ke yi wa bayanan sun nuna babu sauran kuskure. Dabarar da ta fi burge ni ita ce a fara da karatu ɗaya mai sauri, sai idan gyaran ya gagara a sake auna ƙwayoyin sau da dama, tunda akasarin shafuka, wato rukunonin bayanan da ake karantawa tare, ba su buƙatar wannan dogon aikin.